Mafi ƙarancin albashi a Najeriya da Nijar

Mafi ƙarancin albashi shi ne kuɗi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda a biya ma'aikaci a wata. Najeriya da Jamhuriyar Nijar maƙwabta ne, kuma kowace tana da irin wannan doka. A Nijar ana kiransa SMIG, taƙaitaccen sunansa da Faransanci. Kwatanta albashin ƙasashen biyu yana nuna cewa yawan lambobi daban, darajar kuɗi daban.

Najeriya

An kafa dokar farko a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, a kan naira 125. A shekarar 2000 ya koma 5,500, a 2011 ya zama 18,000, sai 30,000 a 2019. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan naira 70,000, aka kuma rage wa'adin sake duba albashin daga shekara 5 zuwa 3. Dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, haka ma masu ƙwadagon gona na lokaci-lokaci.

Nijar

A Nijar ƙarin ba ya zuwa a kai a kai. A 2006 albashin ya zama sefa 28,347, a 2012 kuma 30,047, inda ya tsaya sama da shekara 10. Daga baya gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago suka amince a ɗaga shi zuwa sefa 42,000.

Kwatanci

Sefa tana ɗaure da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka darajarta ba ta cika tangal-tangal ba. Naira kuwa ta sha faɗuwa. Naira 125 ta 1981 ta kai kusan dala 200 ta Amurka, amma naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba.

A 2011, naira 18,000 ta haura sefa 50,000, wato kusan ninki biyu na albashin Nijar. A tsakiyar 2024, naira 70,000 ba ta kai sefa 30,000 ba. Ke nan albashin Najeriya, wanda ya ƙaru kusan ninki huɗu a lissafin naira, ya koma ƙasa da na Nijar. Manyan dalilan su ne barin kasuwa ta yanke farashin naira a watan Yunin 2023, da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023. A watan Yunin 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 34 cikin 100. Sai dai canjin kuɗi kaɗai ba ya auna rayuwa, domin farashin abinci da haya da mai ba ɗaya ba ne a ƙasashen biyu.

Tasiri a yammacin Katsina

Ƙananan hukumomin Batsari da Safana ba su da nisa da iyakar Jibiya, hanyar da ke bi zuwa Maraɗi. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta amince da naira 70,000 ga ma'aikatan jihar Katsina a ƙarshen 2024. Amma yawancin mutanen yankin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, dokar ba ta shafe su kai tsaye ba. Abin da ya fi taɓa su shi ne ƙarfin sefa. Idan naira ta faɗi, mai sefa yana sayen gero da masara da araha a kasuwannin iyaka, farashi ya tashi ga mai naira. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun kuma hana noma a ƙauyuka da dama, abin da ya ƙara tsadar hatsin da malamin firamare ke aunawa da albashinsa.