A Bar Matasan Arewacin Togo Su Karanta Labaran Aljanu da na Rushewar Duniya

Matafiyin da ya taso daga Dapaong ya nufi kudu a kan babbar hanyar da ta ratsa ƙasar Togo daga Cinkassé har Lome, ba zai yi nisa ba zai iso Bombouaka, garin mutanen Moba da ke gindin duwatsu. A jikin duwatsun wannan yanki, wajen Nok da Mamproug, akwai kogunan da ke maƙale a tsakiyar gangaren dutse, cike da rumbunan laka. A Nok kaɗai sun haura 100. Tsakanin ƙarni na 17 da na 19, duk lokacin da mahara suka kunno kai, musamman mayaƙan Cakosi na Mango, mutanen ƙauyukan nan sai su kwashi mata da yara da hatsi su haye can, su zauna har ƙura ta lafa. A shekarar 2000 gwamnatin Togo ta sa wurin cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Waɗanda suka gina rumbunan nan sun zauna sun yi wa kansu tambayoyi masu nauyi. Idan gari ya watse, me za a ɗauka, me za a bari? Wa zai riƙe hatsi, wa zai raba shi? Baƙon da ya zo da yunwa, a buɗe masa ko a kore shi? Waɗannan tambayoyi su ne ƙashin bayan wani nau'in littattafai da matasan duniya ke rububi a yau, wato labaran rayuwa bayan rushewar duniya, tare da 'yan uwansu, labaran sihiri da aljanu da jarumai. Saboda haka kuskure ne babba a ɗauka cewa yaron zangon Dapaong ko na Sokodé da ya duƙufa kan irin wannan littafi, ko ya toshe kunne yana sauraron sa a waya, ɓata lokacinsa yake yi.

Ƙorafin iyaye sananne ne. Uba zai ce, “Kai dai kullum tatsuniya, me za ta ba ka?” Malami zai ce ƙarya ce aka shirya, kuma cike take da bokaye da tsafi. Wani ma zai ce kayan Turawa ne aka shigo da su don a raba yara da al'adarsu. Wannan na ƙarshen shi ne mafi sauƙin amsawa, domin tarihin rubutun Hausa kansa ya ƙaryata shi.

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Cikin littattafan da suka yi fice akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, labarin Alhaji Imam da ya bar gida ya shiga duniya neman wani ruwa mai warkar da cuta, yana ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, har tafiya ta kai shi ƙasar aljanu. Akwai kuma Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin da ya yi yaƙi da Turawa, ya ga daular da ya sani ta faɗi a gaban idonsa, ya faɗa duniyar aljanu da dodanni, sa'an nan ya komo ya tarar da ƙasa ta sake kama. Ashe tun ranar da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa, da aljani da rushewar zamani aka haife shi. Bayan su Ahmadu Ingawa ya rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi, Umaru Dembo kuma ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, inda ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi yawo sararin samaniya. A zamanin adabin kasuwar Kano, marubuta irin su Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun ci gaba da riƙe wannan tuta, da littattafan da masu karatu ke kira littattafan yaƙi. Kafin duk waɗannan kuwa, kakanni mata suna ba da labarin Gizo da Ƙoƙi da Dodo a tsakar gida, ba wanda ya ce sun ɓata tarbiyya.

Abin da ya bambanta Bahaushen Togo da na Kano shi ne hanyar da labarin ke bi ya iso masa. Hausawa sun daɗe a wannan ƙasa. Fataken goro da ke tafiya daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sun bi ta Mango da ƙasar Kotokoli, suka kafa zango-zango, Hausa kuma ta zama harshen ciniki a kasuwanni da yawa na arewa. Amma yaron zango da Faransanci yake karatu a makarantar boko, da Larabci a makarantar allo. Harsunan gida da gwamnati ta zaɓa a 1975 su ne Ewe da Kabiye. Sai ya zamana yana jin Hausa sarai, amma karanta ta a takarda yana yi masa nauyi. Wayar hannu ce ta cike wannan giɓi. Yau akwai masu karanta littattafan Hausa da murya suna ɗorawa a YouTube, ana tura su ta WhatsApp, ana loda su a katin waya. Tela a shagonsa da mai sayar da kaya a tasha suna iya bin labarin jarumi da aljani babi bayan babi, hannu na aiki kunne na sauraro.

Ɗalibin da ke karanta Faransanci kuwa yana da wata ƙofar. A 1943, lokacin da Jamus ke mamaye da Faransa, René Barjavel ya wallafa Ravage. Labarin ya faru ne a 2052, ranar da wutar lantarki ta ɗauke a duniya baki ɗaya ba ta dawo ba. Jiragen sama suka rikito, famfo ya ƙafe, birnin Paris ya kama da wuta, wani saurayi ɗan ƙauye ya ja 'yan tsirarun mutane a ƙafa zuwa kudancin ƙasar. Mai karatun Paris yana karanta wannan da firgici. Mai karatun Dapaong, wanda ya san ɗaukewar wuta kuma ya san jan ruwa a rijiya, zai lura da wani abu dabam: waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka iya noma, suka iya tafiyar ƙasa, suka iya zama da juna. Zai kuma iya yi wa marubucin gardama, domin a ƙarshen littafin jarumin ya zama shugaba mai hana ƙirƙirar na'ura da sa a ƙona littattafai. Yaron da ya rufe littafi yana cewa “a nan ban yarda da shi ba” ya koyi abin da haddar darasi ba ta koyarwa.

Haka sauran manyan littattafan wannan fanni suke. A cikin The Road na Cormac McCarthy, wanda ya fito a 2006 ya kuma ci kyautar Pulitzer a 2007, uba da ɗansa ne ke tura keken kaya a ƙasar da ta zama toka, uban yana fafutukar ciyar da yaron, yaron kuma yana hana uban zama mugu. A cikin Parable of the Sower na Octavia Butler, na 1993, yarinya ce ta tsere daga unguwarsu da aka ƙona a Amurka, kuma cikin abin da ta tanada a jakar gudunta har da irin shuka. Duk manomin Moba ko Bahaushe zai gane hikimar wannan tun kafin a yi masa bayani, domin ya san ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa iri. Littafin Station Eleven na Emily St. John Mandel, na 2014, ya bi ayarin makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo da ke yawo gari-gari shekara 20 bayan annobar mura ta kashe mafi yawan mutane, suna nuna cewa cika ciki kaɗai bai isa a kira shi rayuwa ba.

Afirka ma ta shigo fagen da ƙarfinta. Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya da aka haifa a Amurka, ta kafa littafinta The Shadow Speaker a Jamhuriyar Nijar ta shekarar 2070, bayan wani bala'i ya sauya duniya. Wani littafin nata, Who Fears Death, wanda ya faru a Sudan ta nan gaba, ya ci babbar kyautar duniya ta labaran sihiri a 2011, an kuma fassara shi zuwa Faransanci. Tomi Adeyemi ta gina Children of Blood and Bone a kan al'adun Yarabawa a 2018, ya kuma yi kasuwa ƙwarai. Duniya na sayen labaran da aka ƙera da ƙasar yammacin Afirka, mutanen ƙasar kuwa ana hana 'ya'yansu karantawa.

Ƙorafin malamai ya fi cancanta a tsaya masa da natsuwa. Gaskiya ne akwai littattafan da ba su da komai sai zubar da jini da batsa, kuma ba kowane littafi ya dace da yaro ɗan shekara 12 ba. Amma maganin wannan shi ne babba ya san abin da yaro ke karantawa, ya zauna su tattauna. Batun sihiri kuwa, mai karatu ya san ƙage ne, kamar yadda mai sauraron tatsuniya ya san Gizo bai taɓa auren 'yar sarki ba. Labarin bayan rushewar duniya kuma ba ya gogayya da abin da addini ya faɗa game da tashin alƙiyama. Magana yake yi a kan abin da ya sha faruwa a tarihi: mulki ya faɗi, kasuwa ta mutu, gari ya tashi, wasu su rage su ɗora daga inda aka tsaya. Hausawa sun ga haka a 1903, lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da dubban jama'a, aka kashe shi a Burmi, saura suka ƙarasa Sudan suka kafa garin Mai Wurno. Sun gani a yunwar Ƙaƙalaba ta 1914, sun kuma gani a farin 1973.

Mutanen arewacin Togo ma suna ganin wani abu mai kama da haka yanzu. Tun ƙarshen 2021 'yan bindiga da ke tsallakowa daga Burkina Faso suka fara kai hari a yankin Kpendjal. A watan Mayun 2022 aka kashe sojoji 8 a Kpékpakandi, a watan Yuni gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes, aka yi ta sabunta ta. Dubban mutane sun bar ƙauyukansu, wasu sun sauka a Dapaong da garuruwan da ke kewaye. Wani zai ce, mutumin da ke cikin wannan hali me zai yi da labarin bala'i? Amsar ita ce tsoron da ba a ba shi suna ba ya fi cin rai. Labari yana ba matashi damar ya kalli abin da yake tsoro daga nesa, ya bi shi daga farko har ƙarshe, ya ga wanda ya ci amana da wanda ya riƙe ta. Labarin jarumi da dodo kuma yana ba shi hutun da yake da haƙƙi a kansa. Jin daɗi ba laifi ba ne, kuma yaron da ya saba karatu don daɗi shi ne wanda littafin makaranta ba zai gagare shi ba.

Togo ta riga ta ga abin da littafi ɗaya ke iya yi wa yaro. Tété-Michel Kpomassie yana matashi ya ci karo da wani littafi a kan mutanen Girinlan a wani kantin littattafai a Lome. Ya bar gida, ya yi shekara 8 yana tafiya yana aiki a hanya, ya isa tsibirin ƙanƙarar a 1965, ya rubuta labarinsa da aka buga a 1981 aka kuma fassara zuwa harsuna da dama. Ƙasar Sokodé kuma ta haifi Sami Tchak, wanda ya ci babbar kyautar adabin baƙar fatar Afirka a 2004.

Abin da ya rage shi ne matasan nan su tashi daga sauraro su koma rubutu. Kayan aikin suna gabansu: ayarin fatake a hanyar Gwanja, dawakin Mango, wasan wuƙaƙe na Adossa da ake yi a Sokodé a watan Gani, hunturun da ke rufe rana, da ƙauyukan da suka zama kufai. Gidajen rediyon Dapaong da Sokodé da ke da shirin Hausa za su iya ware rabin awa a mako don karanta Ruwan Bagaja ko Ganɗoki, su kuma gayyaci masu sauraro su aiko da nasu labarin. 'Yan kasuwar da ke saro kaya daga Kano za su iya haɗo katan ɗaya na littattafai. Makarantun Islamiyya na zango za su iya koya wa yara karanta Hausar boko, abin da ba zai ɗauki wanda ya riga ya iya haruffan Faransanci dogon lokaci ba. 'Yan mata masu sha'awar rubutu kuwa suna da gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, wadda ke karɓar gajerun labaran mata da aka rubuta da Hausa, kuma ba abin da zai fi daɗin ji kamar a wayi gari an karanta wa duniya labarin da aka aiko daga zangon Dapaong.