Shinkafar azumi ba ta hana jirgi nutsewa

Iyayenmu mata da 'yan uwa na Ngaski, Yauri da Shanga.

Kun tuna ranar 26 ga Mayu, 2021, da jirgin ruwa ya tsage kusa da Warra, mutum fiye da ɗari suka salwanta, da yawansu mata da yara. Ba yawon shan iska suka fita ba. Abinci ake nema: wasu kasuwa, wasu wajen haƙar zinare a ɓangaren Neja. Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya cinye gonakin kakanninmu, yau jikokinsu ke tsallaka ruwan nan ci-rani.

To, Kebbi ta karɓi Shari'a tun 2000. Madalla. Amma haba jama'a, addini a gwamnati shi ne kujerar Makka da buhun shinkafa da azumi kawai? Kare rai fa yana gaba. Matafiyin da guzuri ya yanke wa ma Allah ya yanka masa kaso a zakka, balle maraya da uwarsa. In jirgi ya kife sai a ce mana ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma lodin da ya wuce kima, wallahi hannun mutum ne.

Duk ɗan takarar da ya shigo taron mazaɓa, ko namu ne, kar ku karɓi atamfa ku yi guɗa. Ku tambaye shi: wa ke ƙirga fasinja a bakin ruwan Warra? Ina rigunan ruwa? Matan da suka rasa maza, nawa aka ware musu a kasafi?

A tura wa sauran mata.