Wanda Bai Ci Tsere Ba, Ya Cancanci Ya Yi Sharhi?

Akwai wani ra'ayi da ya zauna a zukatan masu kallon wasanni, wato cewa babu wanda ya isa ya yi sharhi a kan gasa sai wanda ya taɓa ɗaukar kofinta. Ni kuwa ban yarda da wannan ba, kuma hujjata ita ce rayuwar wani Bature ɗan Ingila mai suna Martin Brundle.

An haifi Brundle a 1959. A 1983 shi ne ya yi kankankan da Ayrton Senna a ƙaramar gasar Ingila, har sai da aka kai tseren ƙarshe kafin Senna ya yi galaba. Da ya shiga babbar gasar nan ta Formula 1 a 1984, sai ya yi mummunan haɗari a birnin Dalas na Amurka, ya karya ƙafafu. Ya warke ya koma, ya yi tsere 158 har zuwa 1996, ya hau dandalin yabo sau 9, amma ko sau ɗaya bai zo na fari ba. Gaskiya ne ya ci tseren sa'a 24 na Le Mans a 1990, sai dai wannan wani fage ne dabam.

To, a 1997 sai gidan talabijin na ITV ya zaunar da shi kusa da tsohon mai sharhi Murray Walker. Daga nan ya koma BBC a 2009, sannan Sky a 2012. Abin da ya kawo shi ne bayanin da ɗan jarida ba zai iya ba: dalilin da taya ke cinyewa, da yadda direba ke jin mota tana zamewa tun kafin mai kallo ya gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ganina ma rashin nasararsa ta taimake shi, domin wanda ya shekara goma sha biyu yana fama a tsakiyar ayari, sau da yawa da mota marar ƙarfi, ya fi zakara sanin halin da yawancin direbobi ke ciki. Ga shi kuma Allah ya ba shi fasahar magana, baiwar da ba a samunta a kan sitiyari.

Ba na cewa tsohon direba ba shi da aibu. James Hunt, zakaran duniya na 1976, ya yi sharhi a BBC har rasuwarsa a 1993, kuma ya daɗe yana sukar Riccardo Patrese, wanda ya ɗora wa laifin haɗarin Monza na 1978 da ya yi ajalin Ronnie Peterson, alhali kotu ta wanke Patrese. Shi kansa Brundle ya taɓa zama manajan David Coulthard a daidai lokacin da yake sharhi a kan tserensa. Wannan kam ban ga dacewarsa ba, kuma da ni ne mai gidan talabijin, da na sa shi ya zaɓi ɗaya.