Sharhi: Daga Masaƙun Kaduna Zuwa Majalisar Dattawa

Sharhinmu na yau ya dubi tafiyar Adams Oshiomhole, wanda ya fara gwagwarmaya a masaƙun Kaduna, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, daga 1999 zuwa 2007, ya mulki jihar Edo daga 2008 zuwa 2016, kuma tun 2023 yake wakiltar Edo ta Arewa a Majalisar Dattawa. Tafiyar tasa tana nuna cewa ma'aikaci ba zai wadatu da titi kaɗai ba, sai yana da nasa a zauren da ake rubuta doka.

Tarihi ya tabbatar da haka. A zamanin Shugaba Obasanjo, yajin aikin da NLC ta kira kan ƙarin kuɗin mai ya sha tsayar da ƙasa cak. Amma a 2005 majalisa ta gyara dokar ƙungiyoyin ƙwadago, ta mayar da shiga ƙungiya ganin dama, ta ƙuntata hanyar tafiya yajin aiki. Abin da aka samu da gumi a titi, alƙalami ya zaftare shi a zaure. Haka ma mafi ƙarancin albashi, daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019 da 70,000 a 2024, bai zama haƙƙin da ma'aikaci zai nema a kotu ba sai da majalisa ta mayar da shi doka.

Masu suka na cewa mutumin da ya yaƙi ƙarin kuɗin mai jiya, yau yana jam'iyyar da ta cire tallafin mai a 2023. Wannan suka tana da nauyi, kuma ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa a kuɗin mota yana da haƙƙin yin ta. Sai dai barin majalisa ga waɗanda ba su taɓa zaman jiran albashi ba ba zai sauƙaƙa wa kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya rataya a wuyan ƙungiyoyi shi ne su bibiyi wanda ya fito daga cikinsu: wane ƙuduri ya gabatar, ina ya tsaya ranar ƙuri'a, me ya yi wa tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri a Kaduna da aka rufe? Da amsar waɗannan tambayoyi ma'aikata za su auna Sanata Oshiomhole, da duk ɗan ƙwadagon da zai bi sawunsa.