Ra'ayinmu: A yi gwajin BNP ga masu haɗarin ciwon zuciya

Idan aiki ya yi wa zuciya yawa har bangonta ya miƙe, takan saki wani sinadari cikin jini mai suna BNP, wanda ke sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa. Masu bincike a Japan ne suka gano shi a 1988 cikin ƙwaƙwalwar alade, daga baya aka fahimci zuciya ce ke samar da mafi yawansa. Yau ana auna shi, ko ɗan'uwansa NT-proBNP, daga ɗan jinin da aka ɗiba a hannu.

Masu son a yawaita gwajin suna da hujja. Binciken Framingham na Amurka, wanda aka wallafa a 2004, ya bibiyi mutum fiye da 3,000 waɗanda zuciyarsu ba ta gaza ba. Waɗanda sinadarin ya fi yawa a jininsu sun fi kamuwa da gazawar zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma an fi samun mace-mace a cikinsu. A Ailan kuwa, binciken STOP-HF na 2013 ya nuna cewa idan aka gwada masu haɗari, aka tura wanda sakamakonsa ya yi sama wurin likitan zuciya da wuri, raunin zuciya na raguwa.

Masu taka-tsantsan ma ba su yi ƙarya ba. Tsufa da ciwon ƙoda da bugun zuciya marar tsari duk suna ɗaga sakamakon, ƙiba kuma tana saukar da shi. Bincike a Amurka ya nuna sinadarin yakan yi ƙasa a jinin baƙar fata, don haka ma'aunin da aka tsara a kan Turawa zai iya barin wani mara lafiyarmu ya wuce ba a gane ba. Kuma gwajin haɗari yake nunawa, bai san ranar ajalin kowa ba. Wanda aka gaya wa sakamakonsa ya yi sama, alhali babu na'urar hoton zuciya kusa da shi, fargaba kawai aka ƙara masa.

Hawan jini ne kan gaba wajen gazawar zuciya a Afirka kudu da Sahara, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samun raunin zuciya bayan haihuwa. Sau nawa mai jego ke haki, ƙafafunta sun kumbura, a ce mata gajiyar haihuwa ce?

Saboda irinta muke goyon bayan gwajin. Ra'ayinmu shi ne manyan asibitoci su tanade shi da farashi mai sauƙi ga masu jego da ke haki, da masu hawan jini, da masu ciwon suga, tare da hoton zuciya ga duk wanda sakamakonsa ya yi sama. Ba mu goyon bayan a tallata shi ga kowa da kowa. Mai lafiya ya fara da awon hawan jini.