Ba Da Gari Tun Kafin A Ji Tambaya

A wasan kacici-kacici akwai ƙa'idar da kowane yaro ya sani ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba. Idan aka jefa tambaya, sai an yi ta lalube, wannan ya canka ya kuskure, wancan ya canka a yi masa dariya, har dabara ta ƙare wa kowa, sannan a ce an ba da gari. Mai tambaya ya karɓi Kano ko Katsina, kana ya faɗi amsa. Amsar tana da farashi, kuma ba a biyansa sai bayan an sha wahalar nema. Yaron da zai zo dandali da jerin amsoshi a aljihu, yana karantowa tun mai tambaya bai rufe baki ba, babu mai kiransa gwani. Cewa za a yi ya ɓata wasa, kuma kansa ya fara ɓata wa.

Abin da ɗimbin manya ke yi ke nan a yau da wasannin bidiyo irin waɗanda ake kira RPG, inda mutum ke shiga rigar wani jarumi, ya ratsa ƙagaggiyar duniya, ya yanke shawara, ya ɗauki sakamakonta. Mutum zai sayi wasa da kuɗi masu kauri, amma kafin ya taka ƙafa ya riga ya buɗe waya a gefe. Shafin wiki ya gaya masa jarumin da zai zaɓa, bidiyon YouTube ya nuna masa inda takobi mafi kaifi yake, wani jadawali kuma ya jera masa amsar da zai bai wa kowane mutum don ya kai ga ƙarshe mafi daɗi. Bayan sa'o'i ɗari sai ya ce ya gama wasan. Gaskiyar magana ita ce wani ne ya buga, shi kuwa ya danna maɓallai.

Abin da ba ya dawowa

Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a watan Fabrairun 2022 ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, ya isa misali. Ɗan wasa na fitowa fili a yankin farko, Limgrave, zai ga wani barde mai sulken zinariya a kan doki yana kai da komowa. Babu wanda zai ce masa ya kauce. Zai tunkare shi, a kashe shi sau biyar ko goma, har ya gane da kansa cewa a wannan duniya ba kowane abokin gaba ake fuskanta yau ba. Wani sai a kewaye shi, a je a ƙara ƙarfi, a dawo. Wanda ya karanta haka a wiki ya sami labari. Wanda ya sha kashi ya sami ilimi, kuma ilimin zai yi masa aiki a wurare ɗari da shafin bai ambata ba.

A gabashin wannan yanki, cikin wani kurmi, akwai ɗan gini da ba ya ɗaukar ido. A cikinsa akwai dandamalin da ke sauka ƙasa, ya yi ta sauka har mutum ya fara zaton wani abu ya lalace. Inda ya tsaya, ɗan wasa zai gane cewa duniyar da yake ganin ya fara fahimtar girmanta tana da wata duniyar a ƙarƙashinta. Wannan mamaki sau ɗaya yake zuwa a rayuwar mutum. Ana iya sake sayen wasa, ana iya sake farawa daga tushe, amma ba a sake rashin sani. Wanda ya isa wurin saboda jerin da ya karanta ya ce masa nan ne zango na gaba, ya ga abin da kowa ya gani, amma ya sayar da abin da ya fi tsada a wasan don ya rage wa kansa minti ashirin na yawo.

Kada a ɗauka wannan rashin bayani sakaci ne. Miyazaki ya sha ba da labarin yadda yana yaro yake karanta littattafan da suka fi ƙarfin karatunsa, ya fahimci wani sashe, ya cike sauran da tunaninsa. A kan wannan ya gina salon wasanninsa: labari a warwatse cikin bayanan makamai da guntayen maganganu, an bar giɓi da gangan don mai wasa ya cike. Wiki kuwa aikinsa toshe giɓi. Yana ɗaukar wurin da aka keɓe wa tunanin mutum ya zuba masa tunanin wani.

Shawarar da aka san sakamakonta

Asarar ta fi muni a wasannin da ginshiƙinsu zaɓi ne. A The Witcher 3, na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland, wanda ya fito a 2015, akwai inda jarumin ke cin karo da wani ruhi da aka ɗaure a gindin bishiya, yana roƙon a sake shi, yana alkawarin ceton wasu marayu. Mutanen ƙauye kuma sun ce shi ne ke halaka su. Babu hanyar tabbatar da mai gaskiya, kuma sakamakon ba ya bayyana sai can gaba, lokacin da komawa baya ta yi wuya. An tsara wurin ne don mutum ya tsaya, ya auna maganganun da ya ji, ya zaɓa yana ɗar-ɗar, sannan ya zauna da abin da ya jawo. Wanda ya leƙa shafi ya ga rassan biyu a jere, ya ɗauki wanda ya fi ba da lada, bai yanke hukunci ba. Ciniki ya yi.

Haka a Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam, wanda ya fito a 2023. Wasan yana jefa ƙuri'a mai fuska 20 a kan abubuwa da yawa: lallashin mai gadi, buɗe makulli, gano ƙarya. Marubutansa sun rubuta abin da zai biyo bayan faɗuwa kamar yadda suka rubuta na nasara, kuma sau da yawa hanyar da faɗuwa ta buɗe ta fi daɗin bi. Mai bin jagora yana gudun waɗannan hanyoyi kamar annoba. Ya biya kuɗin wasa sukutum, ya tsallake babban sashe nasa, ya fito da jarumin da bai taɓa kuskure ba, wato jarumin da ba shi da labari.

A nan ne ya kamata ma'aikaci mai ilimi ya tsargu. Mutumin da ya wuni a ofis yana cike jadawali, yana bin matakan da aka shimfiɗa, yana tsoron kuskuren da zai shiga rahoton shekara, ya dawo gida ya sami wuri guda da kuskure ba ya cin albashi, ba ya zubar da mutunci, sai kuma ya mayar da shi ƙaramin ofis. Soren Johnson, wanda ya jagoranci tsara Civilization IV, ya taɓa lura cewa in aka ba 'yan wasa dama, za su yi ta neman hanya mafi inganci har su kore daɗin wasan da hannunsu. Wiki ya sauƙaƙa wannan ɓarna fiye da kowane zamani.

Hujjojin ɗaya ɓangaren

Masu kare jagora ba su rasa abin faɗa ba, kuma adalci ne a saurare su. Hujjarsu ta farko lokaci. Mai iyali da aiki, wanda sa'a biyu kawai yake samu a mako, in ma wuta ta bari, ba zai so ya ƙarar da su yana neman ƙofa ba. Wannan gaskiya ce, amma tana ɗauke da zaton cewa yawon nema ɓata lokaci ne, kuma ainihin wasan yana can gaba. A irin waɗannan wasanni neman shi ne wasan. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mai ƙarancin lokaci ya fi kowa buƙatar sa'o'insa biyu su zama nasa, ko da zai shekara bai ga ƙarshe ba, domin babu mai raba lambar yabo a bakin ƙofar fita.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: wasu wasannin an gina su ne da mugunta. A Final Fantasy XII na 2006 akwai wani mashi, Zodiac Spear, wanda mutum ke rasa hanyar samunsa mafi sauƙi idan ya buɗe ɗaya daga wasu akwatuna huɗu da ba su da wata alama, kuma babu abin da ke gargaɗinsa a cikin wasan. Wannan tarko ne da ke hukunta mai son bincike, ya saka wa mai littafin jagora, har masu wasan suka cire shi a bugun da suka sake fitarwa. Shi kansa Elden Ring ba a wanke shi ba: makonni kaɗan bayan fitowarsa sai da aka ƙara alamun da ke nuna inda mutanen da aka haɗu da su suke a taswira, saboda bin sawunsu ya yi wa jama'a wuya. Sai dai abin da wannan ke tabbatarwa shi ne wani lokaci magini yana kuskure. Bai tabbatar da cewa kowace ƙofa a rufe kuskure ce ba. Kuma an gama Final Fantasy XII ba adadi ba tare da wannan mashi ba. Tsoron rasa abu guda shi ke sa mutum ya rasa wasan gaba ɗaya.

Hujja ta uku daga bincike take. A 2011 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld, sun gano cewa sanin ƙarshen gajeren labari bai rage wa masu karatu jin daɗinsa ba, har ma yakan ƙara. To amma mai karatu ɗan kallo ne. Ko ya sani ko bai sani ba, labarin tafiyarsa zai yi. Ɗan wasa shi ne mai yanke hukunci. Sanin ƙarshen labari yana canza yadda ake kallonsa, sanin sakamakon zaɓi kuwa yana kashe zaɓin.

Matambayi da mai satar amsa

Za a ce matambayi ba ya ɓata, kuma neman taimako ya girmi intanet. Haka ne. Tun The Legend of Zelda na 1986 yara ke musayar sirrin wasa a makaranta. Kamfanin Nintendo ya buɗe layin waya na masu ba da shawara a Amurka a 1987, ya fara mujallar Nintendo Power a 1988, sannan shafin GameFAQs ya zo a 1995. Amma a duba yadda taimakon yake a da. Mai buga waya ya riga ya maƙale, ya gwada iyakar ƙoƙarinsa, ya kawo tambaya guda, ya sami amsa guda. Ya ba da gari ne bayan ya sha lalube. Wiki ba ya jiran tambaya. Mutum ya shiga neman inda makulli yake, idonsa ya faɗa kan sunan wanda zai ci amanarsa nan da sa'o'i talatin.

FromSoftware ma ba su ce kowa ya mutu shi kaɗai ba. Tun daga Demon's Souls na 2009 suka saka hanyar da 'yan wasa ke bar wa juna gajerun saƙonni a ƙasa, da tabon jini da ke nuna yadda wani ya halaka a wurin. Saƙonnin taƙaitattu ne, wasu gaskiya, wasu kuma ƙarya ce tsagwaronta da ke tura mutum ya faɗa rami. Taimako ne irin na matafiyin da aka gamu da shi a hanya: dole a saurare shi, dole kuma a auna shi. Hankalin mai wasa yana nan yana aiki. Jagoran da ya jera komai daga farko har ƙarshe yana sallamar hankalin ne ya tafi hutu.

Saboda haka iyakar a bayyane take. Tambayar yadda na'urar wasa ke aiki, kamar me wannan lamba ke nufi ko yaya ake ƙara wa makami ƙarfi, daidai take da tambayar dokokin dara kafin a zauna. Babu aibi a cikinta. Mai lalurar gani ko ta hannu da ke neman hanyar da wasan zai yiwu gare shi, haƙƙinsa yake nema. Wanda ya kwana uku a wuri guda har wasan ya fara fita ransa, ya nemi amsa guda, ya rufe shafin. Wanda ya gama zagayen farko kuma, wiki halalinsa ne, domin a lokacin yana kwatanta tafiyarsa ne da ta wasu, kuma a nan aikin masu tattara bayanan yake da daraja ta gaske. Abin ƙi shi ne a buɗe shafin tun ba a ɓata ba, don kada a ɓata.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce nishaɗin dare guda. Zama da rashin sani na ɗan lokaci, yanke shawara da guntun bayani, da ɗaukar nauyin abin da ya biyo baya, su ne abubuwan da aure da shugabanci da kasuwanci ke nema daga mutum kullum, kuma babu shafin da ya jera rassansu. Wurare kaɗan suka rage inda baligi zai gwada wannan ba tare da ya yi asarar komai ba. Wanda ya sami irin wannan wuri, ya ajiye wayar a ɗaya ɗakin, ya tunkari barden nan mai sulken zinariya, ya sha kashinsa da kansa.