Ɓarawo ya san inda tukunyar take, ɗan lakwal ne bai sani ba

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin masana: wai kada a bari talaka ya ga takardun binciken tsofaffin kufai, domin ɓarayi za su bi su su tone. Ni malamin makaranta ne, kuma ina ganin wannan dabara yaranmu take cuta, ɓarawo ko a jikinsa.

Mu ɗauki Bura, can wajen Tera a jihar Tilaberi. A 1975 aka gano wannan tsohuwar maƙabarta, a 1983 Bube Gado na jami'ar Yamai ya tone ta bisa ƙa'ida, ya fito da tukwanen binne gawa da mutum-mutumin yumɓu, har da mahayin doki. Bayan an baje kolinsu a Faransa a shekarun 1990, dillalai suka yi caa, aka riƙa fasa kaburbura ana lodi. A shekarar 2000 sai da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ake gargaɗin kada a saya.

Masu son kulle takardu da wannan suke kafa hujja. To amma wane dillali ne ya je ɗakin karatu neman taswira? Ƙauye yake zuwa da kuɗi a aljihu, ya tambayi manomin da garmarsa ta taɓa fasa tukunya. Manomin da ba a taɓa gaya masa ko ta wa ce ba, ga rani, ga rumbu babu hatsi, me zai hana shi sayarwa?

Muna da doka tun 1997 mai kare kayan tarihi. Doka ba ta kwana a daji. Wanda ke kwana kusa da kufai shi ne mai gari da makiyayi da ɗan lakwal. Ku dubi raƙuman dawa na Dabus da aka sassaƙa a kan dutse a jihar Agadas: duniya ta san da su, mutanen wurin ne ke gadinsu.

Ban ce a watsa lambobin GPS a Facebook ba. Ainihin wurin da ba a tone ba tukuna, a bar shi hannun masu bincike da jandarma da ƴan duwan. Sauran kuwa, hotuna da shekaru da bayanin yadda mutanen suka rayu, a fassara su da Hausa da Zabarmanci da Tamashek, a kawo mana aji. Yaron Maraɗi ya haddace ranar juyin juya halin Faransa, amma bai taɓa jin sunan Marandat ko Azelik ba.

Iyaye, ku tambayi ɗanku yau da dare mene ne Bura. In ya yi shiru, ku kai maganar taron iyayen yara, ku nemi a sa ta cikin darasi.